Fam Sittin da Biyu

Fam sittin da biyu.
Na ƙirga su a kan teburin kicin, na sake ƙirgawa,
ko ƙirga na biyu zai sa su haihu.
Ba su haihu ba.

A bayan ambulan ɗin kuɗin wuta na jera:
shinkafa, mai, albasa, fulawar cincin,
nama.
A nan biro ya tsaya, ya bar ɗigo.

Tun ƙarfe huɗu Leeds ta yi duhu.
Dogara ya tafi aikin dare, ya bar mini shawara a bakin ƙofa:
"Shiga kanti ɗaya ki gama, Rahila,
ƙafa ma kuɗi ce."
Da gaskiyarsa.
Sai dai shi bai taɓa tsayawa da tumatirin gwangwani biyu,
ɗaya a dama, ɗaya a hagu,
yana auna ratar kwabo goma sha ɗaya ba.

Babban kantin bakin titi, mai fitilu da kiɗa,
na san halinsa:
ka shiga sayen gishiri, ka fito da kyandir mai ƙamshi.
Na Jamusawan can ya fi sauƙi,
amma bas biyu ne kafin ka kai,
abin da ka rage a kan shinkafa, direba ya karɓe.
Araha ba ta ado, na sani,
ban san tana da nisa ba sai a ƙasar nan.

A Harehills na ɗaga doya guda,
ba ta fi damtsen Godiya ba.
Na duba farashi, na shinshina jar ƙasar jikinta,
na mayar a hankali.
Shinshinawa dai kyauta ce.

Godiya kuwa talotalo take so.
"Mama, kowa a ajinmu shi zai ci."
Na ce talotalo kaza ce da girman kai ya kumbura.
Ba ta yi dariya ba.
Ko da an ba mu sadaka,
murhunmu ba zai ɗauki ƙirjinsa ba.

Maureen, abokiyar aikina a gidan tsofaffi, ta ce:
"Jira jajibiri, idan sun manna takardar rawaya,
komai ya koma rabi."
Jiran gawon shanu ke nan,
ni da zan kwana a daren ina juya tsohuwa Doris
daga wannan gefe zuwa wancan.

To, ina za ni?

Robar man shanu ce ta yanke hukunci,
wadda ke saman firji tun Babbar Sallah.
A cikinta Maman Yusra ta hawo bene da soyayyen nama,
tana haki, tana cewa ba yawa.
A Wusasa ba mu mayar da kwano fayau,
ba kuma ma aika wa maƙwabci abin da zai tsaya yana tambayar waye ya yanka.

Sai na nufi wurin Tariq mahauci.
Tsofaffin kaji uku, masu taurin kai irin na gida,
waɗanda ba sa narkewa a miya.
Ya ƙara mini ƙundu biyu bai auna ba.
Shinkafa babban buhu a shagon ƙaninsa,
albasa da attarugu a teburin waje, inda sanyi ya rage musu kuɗi.
Talotalo kuma, cinya ɗaya tak,
don Godiya ta sami abin faɗa in an koma makaranta.

Na tako gida a ƙasa, ledoji na yanka yatsuna,
ruwa na sauka siriri kamar yana jin kunya.
Saura fam uku da kwabo arba'in.

Sai da na kwaɓa fulawa
na tuna ban sayi gyaɗar ƙamshi ba.
Na wanke hannu, na zura silifa,
na sauka bene.
Maman Yusra ba ta rasawa.