Manomin Dare

Yana shekara bakwai ya fito masa a goshi,
fari-fari, kamar an barbaɗa garin rogo.
Inna ta ce ƙyasbi ne, ta shafa man kaɗanya,
ta ce kafin kaka zai baje.
An yi kaka ashirin da uku.

Haladu ƙanena ne, ni na goya shi,
na san fatarsa tun tana sumul kamar sabuwar ƙwarya.
Yau bayan hannunsa ɓawon marke ne,
tsiro a kan tsiro.
In ya miƙa shi bayan sallar Juma'a
sai a dafe ƙirji daga nesa, a ce sannu.
A kasuwar Auyo an ce kuturta,
an ce sammu, an ce sawun iska ya taka a fadama.
Mai shayi ya ware masa kofi, mai tsaga a baki.

Likita a Kano ta riƙe hannun, ba ta yi sauri ba.
Ta ce, iyayenku 'yan uwa ne?
Na ce, ɗan wa da 'yar ƙani.
Ta ce ƙwayar cutar tana kan fatar kowa,
jikin kowa na kora ta,
nasa ne aka haifa ƙofa a buɗe.
Ta yanke na goshin, wanda ya ƙi warkewa,
ta ce sankara ce ta fara leƙe,
ta ce ya guji rana.

Rana! Manomi ake gaya wa.
Dariya yake har tashar 'Yankaba,
can ya yi shiru, bai sake magana ba sai gida.

Yanzu in an sallame isha'i
sai ya ɗaura tocila a kan tabon,
ya saɓa fartanya ya gangara.
Kwaɗi ne abokan gayyarsa.
Albasarsa ba ta taɓa tambayar wane hannu ya ba ta ruwa ba.

Zancen zumuncin nan ban kai wa Inna ba.
Ta tsufa, kuma har yau Baba take kira a mafarki.

Da assalatu yakan shigo da raɓa a ƙafar wando,
in zauna in bi tsagun hannun da mai, ɗaya bayan ɗaya,
ina duban ko wani ya sake launi.
Jiya ya ce, Yaya Tabawa,
shi farin wata yana kallon mutum,
amma ba ya kau da kai.