Rabin Titi

Shekara talatin ina faci a bakin titin Aboabo,
ƙafata a kwata, bayana a bango,
tirotiro na shafa mini hayaƙi a gemu.
Na san titin nan kamar yadda akuya ta san mahauta.

Sai cuta ta sauka.
Aka ce a rufe hanci, a daina cakuɗa,
mutum biyu a kujerar da ke cin huɗu.
Kuɗin mota ya hau.
Jama'a suka tuna Allah ya ba su ƙafa.

Wata safiya samari suka zo da takunkumi,
da gwangwanin fenti, da tsofaffin tayoyi,
suka ja farin layi daga gidan mai har gada.
Suka ce: nan na mai ƙafa ne da mai keke.
Issaka direba ya leƙo ta taga,
wai an cire masa loma daga baki.
Ban ce ya yi ƙarya ba. 'Ya'yansa shida.

Kekuna suka fito daga bayan ɗaki,
da tsatsa, da saƙar gizo a ƙaho.
Maame Serwaa, mai jinya a asibiti,
ta turo na mijinta da ya rasu.
Na ɗiga masa mai, na sauke mata sirdi.
Ba mu gaisa da hannu ba.
Ta ajiye sidi biyu a kan dutse,
ta hau tana tangaɗi, tana dariya a bayan ƙyalle.

Can, inda layin ya lanƙwasa,
mota ta ɗauke mini Fuseini.
Shekararsa tara, koko aka aike shi.
Tun ranar nake zagaye wurin.
Bana na je na tsaya a kai,
tsaye, da dukan nauyina,
babu wanda ya danna mini oda.
Ƙararrawar keke na ji, da tafin silifa,
da wata yarinya tana ƙirga takunta da Turanci.

Yanzu damina na lasar fentin.
Jiya na ga Issaka ya ɗora taya ɗaya a kan layin,
kamar mai ɗanɗana miya.

Samarin sun manta rabin gwangwani a rumfata.
Ban mayar musu ba.
Bayan lisha, in titi ya yi barci,
nakan fita da tsohon buroshin wanke sarƙa,
in durƙusa.