Musun Duwatsu

Ranar kasuwar Roni, a gindin tsamiya,
Ilu mai gyaran rediyo ya tsokano magana:
"Dutsenmu, in ka hau shi da hantsi,
har kwanon Kazaure kake hangowa."

Nomau ɗan Riruwai, da ya zo sayen awaki,
ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Wannan surin kake ce wa dutse?
Namu, hadari a kwiɓinsa yake kwana,
shaho ma sai ya huta sau biyu."

"Ka auna?"
"Kai ka auna?"
Wani yaro ya ce a duba waya,
suka ce waya ba ta taɓa hawa ba.

Tabawa ta sauke damin itace,
ta warware gammo, ta share wuya.
"Tun asuba ina bisa wanda kake rainawa.
Da ina budurwa, gajere ne.
Tun da gwiwar nan ta fara ƙara,
kowace shekara sai ya daɗa kamu guda."

Nomau ya dubi faso a dugaduganta,
ya ɗaga kai ya dubi dutsen.
Ya sayi itacen bai nemi ragi ba,
ga shi ko a garin ba zai kwana ba.