Hoton Ba-Gaggawa

Da sassafe na gangara kogi ta Kabala,
kyamara a wuya, taɓo har idon sawu.
An ce ran Laraba za a janye shi tudu,
na ce bari in riga Laraba.

Ga shi can ɗaure a saiwar mangwaro,
tsohon jirgin dakon yashi.
An taɓa rubuta BA GAGGAWA a haƙarƙarinsa,
ruwa ya lashe BA ɗin tun bara,
ya bar shi da kalmar da bai taɓa sani ba.

Baba Ndako na ciki yana kwalfe ruwa
da rabin galan na man gyaɗa.
Bai ɗago kai ba, ya ce, "Mai hoto,
ta'aziyya ka zo, alhali mai ita na numfashi?"

Na koma ta gabas, rana a ƙeyata.
Na ɗauki faci a kan faci:
gwangwanin madara da aka baje aka kafe da ƙusa,
tsumma da kwalta a bakin kowace tsaga,
da wani jan katako, bare a cikin dangi,
wai ƙyauren shago ne a Kakuri
kafin masaƙa ta yi shiru.

Ya ce, "Shekara talatin da ɗaya.
Je ka Barnawa ka kankare fentin katanga,
za ka iske gumina a ciki.
Shekarar ambaliya ya kwashe awaki sha tara,
da keken ɗinki, da wata tsohuwa
da ta ƙi shiga sai an sako turminta."
Ya nuna ƙetare da haɓa,
inda injin zuƙo yashi ke tari tun asuba,
yana cika tifa kafin shayi ya huce.

Na ɗaga kyamara, ya ɗaga hannu.
"Kada ka ɗauke shi wofi.
Wa ke ɗaukar majinyaci ba riga?"

Sai ya miƙo mini shebur.

Ni da nake ce wa amare su gyara mayafi,
ni da nake ce wa ɗalibai su daina ƙifta ido,
na tuɓe takalmi, na naɗe wando,
muka yi ta zubawa, shi biyu, ni ɗaya,
har tafina ya yi ƙurji,
har jirgin ƙasa ya gifta kan gada
ban ko waiwaya ba.

Jirgi ya fara zama.
Gwangwanin madara ya nutse,
jan katako ya bi shi,
GAGGAWA ta shige ƙarƙashin ruwa harafi-harafi,
ba abin da ya rage sai baki, yatsa huɗu,
da tulin yashi kamar tozon bijimi.
Ndako ya dafa gora, ya tura.
Ban ga tsoho ba a lokacin,
na ga abin da ya san aikinsa.

Na danna sau uku, hannu na rawa.
Biyu sun fito kamar an leƙa ta cikin hawaye.

Ran Alhamis na kai masa na ukun.
Jirgin na kife a tudu, yara na sulu a bayansa,
wani kafinta na auna shi da ido.
Ndako ya goge hannu a riga, ya karɓa,
ya kai shi nesa, ya dawo da shi kusa.
Ya daɗe.

Ya ce, "Ashe ya karkata hagu."
Na ce ko in gyara a kwamfuta?
Ya ce, "Bar shi.
Kullum ina ciki, ban taɓa tsayawa a gaɓa
na ga wucewarsa ba.
Nan ne nake tsayawa, hagun nan.
Nauyina ne."

Ya sa hoton a cikin hula,
ya mayar da hular kansa,
ya tambaye ni nawa ne.