Ramuka Goma Sha Takwas

Ubana ya ƙare ƙarfinsa wajen faɗa da kiri-kiri,
fartanya uku ta cinye masa.
Ni kuwa duk ƙarshen wata ana ƙirgo mini kuɗi
don in shayar da ita,
in yi mata aski da inji kafin rana ta ɗaga.
Da zai leƙo daga makwancinsa
sai ya ce Tsalha ya taɓu.

Nan bayan Kumbotso, inda kwalta ke gajiya,
aka ja waya, aka ce wurin golf ne.
Ramuka goma sha takwas suka haƙa,
ba wanda aka jefa wa iri.
Kowanne da tutarsa,
kamar ana jiran wani abu ya tsiro.

Akuyar Ladiyo kan tsaya jikin wayar
tana kallon kore har cikin Maris,
bakinta na motsi a banza.

Ranar Asabar suke zuwa daga cikin gari,
masu shaguna a Kwari, likitoci, wani tsohon kwastan,
da fararen huluna, da yaro mai ɗaukar sanduna.
Su bugi abu, su bi shi a ƙafa,
su same shi, su sake korarsa.
Mu abin da muka bi a ƙafa haka
ɓatacciyar tunkiya ce,
kuma in mun same ta gida muke yi.

Wadda ta tsallake waya ta faɗa albasar maƙwabta
jikana Barau ke tsinta.
Ɗari biyu yake sayar musu da kayansu.
Guda ɗaya Ladiyo ta ɗauka ƙwan zabo ne,
ta sa wa kaza.
Kwana ashirin da takwas tana kwance a kai.
Har yau ba mu gaya wa kazar ba.

Jiya a rami na bakwai
Alhaji Sidi ya durƙusa yana auna ƙasa da ido,
ya rufe ɗaya, ya buɗe.
Ina riƙe da tiyo, bakina ya riga ni:
Ranka ya daɗe, karkata hagu.
Wurin nan yana zuba wajen ɗorawa.

Ya dube ni, ya karkata.
Ƙwallon ta gangara, ta yi kwana, ta shige.
Ya yi kabbara, ya ce a ina na koyi wasa?

Na ce ban iya ba.
Damina talatin na ga inda ruwa ke bi
yana kwashe mana taki daga kunya.

Ya miƙo dubu ɗaya, na sa hannu biyu.
Da suka wuce na leƙa ramin.
Ƙasar ciki ja ce, da danshinta,
irin wadda gyaɗa ke so.
Akwai ƙwaya biyu a aljihuna.
Na juya su, na juya,
sai na ci ɗaya,
na ja tiyo zuwa na takwas.