Daren da Japan Ta Sauka a Rumfata

Ranar Alhamis, da kasuwar Maigatari ta watse,
na dawo da fetur galan ɗaya da bidiyo a waya.
Na tada janareto, na ɗora talabijin kan buhun riɗi,
na ce wa yara naira ɗari,
wanda ba shi da ita ya leƙa ta ɓular zana.

Kokawar Japan ce, in ji wanda ya tura mini.
Gidajen kokawa rututu, kowanne da tutarsa,
mutanen da ko ruwa ba sa sha a randa ɗaya,
yau ga su ƙarƙashin rufi guda
mai faɗin da zai haɗiye garinmu har da maƙabarta.

Baba Nomau ya shigo da sandarsa, bai biya ba.
Wa zai miƙa hannu ga wanda ya kada maza arba'in?
Ya zauna kan kifaffen turmi.
Ya ce, ina gangar? Babu ganga.
Ina yashin? Katako ne da igiya uku.
Ina layun?
Sai ga wani ya fito da fuskar damisa,
wani da gashi kamar an tsoma shi a manja.
Baba ya ja tsaki. Ya ce, wannan ai tashe ne.

A wurinmu, gwiwa ta taɓa ƙasa, zance ya ƙare.
Waɗannan kuwa a maka mutum da ƙasa sau tara,
ya tashi yana layi, yana neman ta goma.
Alƙali ya buga katako, ɗaya, biyu,
kafin ta uku kafaɗa ta ɗago,
rumfata ta kaure da ihu
har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya.

Can wajen ƙarshe janareto ya fara tari.
Na girgiza shi, na roƙe shi.
Hoto ya dawo daidai lokacin da aka gama:
wanda ya yi kaye da wanda aka kayar
sun durƙusa suna fuskantar juna,
goshi a ƙasa, gumi na ɗiga,
sauran gidajen duk sun hau sun kewaye su.

Yara suka watse. Baba bai tashi ba.

Ni dai na san labarin, kowa ya sani.
Shekara ashirin da uku ke nan
da ya kama da Jatau na Kukar Maikiya, bayan girbi,
suka zube tare.
Mu muka ce hannun Jatau ne ya riga,
su suka ce gwiwar Nomau.
Tun ranar ba a sake ɗaura ganga tsakaninmu ba.
Filin ma yanzu gyaɗa ake shukawa.

Da asuba na ji sanda na ƙwanƙwasa ƙyaurena.
Ya ce, Mudan, wayar nan tana da caji?
Babur ɗinka yana da mai?

Mun tarar da Jatau a gindin darbejiya,
yana ta cinye masa ido biyu.
Na kunna, Baba Nomau ya zama idonsa:
ga mai fuskar damisa ya hau igiya,
ga shi ya diro, ya fi buhun gero nauyi,
a'a, bai mutu ba, ya tashi.
Jatau ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Aka kawo fura a ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya.
Jatau ya sha, ya miƙa, ya goge gemu.
Ya ce, amma dai gwiwarka ce.
Baba ya karɓi ludayin. Ya ce, hannunka ne.

Na bar su a nan, na tafi neman mai.