Shiru Biyu

Kafin motar farko ta yi tari a titin Nima
nakan zaga bayan ɗaki da ƙoƙon koko,
in ba ƙasa kurɓin farko
a gindin darbejiyar da ta tsaga simintin mai gida.
Haka kakata Tasalla take yi a ƙauyensu,
haka ta ci gaba bayan goro ya jawo ta kudu.
Ita sunaye bakwai take kira.
Ni uku suka rage mini,
na ukun ma ban tabbata ba
ko na iska ne, ko na wata akuyarta da ta ɓace.

Sai in buɗe shago.
Lasifika nake gyarawa, ta coci, ta masallaci,
ta mai tallan maganin basir.
Duk wanda muryarsa ta dishe a Ankara
ni yake kawo wa maƙogwaronsa a leda.

Ran Lahadi kuwa ina rufewa, in nufi Acimota,
wurin 'yan Kweka, masu kiran juna Abokai.
Mu tara ne, in an yi ruwa mu biyar.
Babu limami, babu ganga, babu mai tsayawa gaba.
Benci ne, da taga, da awa guda ta shiru.
Farko kunnena yakan ci gaba da ƙara
kamar rediyon da bai kama tasha ba.
Can sai ƙarar ta kwanta,
yadda laka ke kwantawa a randa
in an daina tsoma moɗa.

Barmo mai shayi ya ce, "Jatau, kai jemage ne.
Tsuntsaye ba su san ka ba, ɓeraye sun ƙi ka."
Na ce ya je Talatin da Bakwai da magariba
ya ɗaga kai ya ga jemagu sun rufe sama,
ya gaya mini wa suka nemi izininsa.
Ya yi dariya, ya ƙara mini sukari.
Amma maganar ta bi ni har gida.

Don akwai zancen zakara.
Kowace shekara, ruwan farko,
Tasalla takan ba gindin itace jan zakara.
Bana na sayo shi a Mamobi, na wasa wuƙa,
na taka fikafikansa,
sai ya dube ni da ido ɗaya
irin duban da tsohuwa Lamile take yi mini a taro
in ta ga na zo da fushi a aljihu.
Ta taɓa tashi cikin shiru ta ce,
"Hasken nan ba ya tambayar fitila sunanta,"
ta koma ta zauna. Shi ke nan huɗubar wata uku.

Na ɗaga ƙafa.
Na tsuguna na gaya wa itacen gaskiya:
ga naka, amma da ransa,
in ka ƙi, ka nuna mini.
Kwana bakwai ina jiran zazzaɓi.
Abin da ya zo kawai kuɗin wuta ne.

Yanzu watan da mutanen Ga suka hana kiɗa ya kama,
don hatsin da aka shuka ya tsiro ba firgita.
Lasifikoki sun yi layi a shagona, baki rufe,
ciniki ya mutu, ni kuwa ko a jikina.
Da dare nakan zauna a gindin darbejiya,
gari ya yi tsit har ina jin kwata tana tafiya.
Ban san shirun wa nake zaune ciki ba,
na Acimota ko na Tasalla.
Na daina neman ɗinkin da ya haɗa su.

Asuba ta yi, jan zakara ya hau reshe
ya karya dokar gari da iyakar muryarsa.
Na zuba wa ƙasa nata,
na watsa masa dawa,
sauran kokon na sha da ɗumi.